Na'urar Ƙara wa Totur Kaifi: Shin Tana Ƙara wa Injin Mota Ƙarfi? Tambayoyi da Amsoshi

Mai mota a Legas da ke leƙa Facebook ko TikTok da wuya a ce bai ci karo da tallar wani ɗan akwati ba, wanda bai kai girman wayar hannu ba, ana jona shi a jikin totur. Masu talla suna cewa yana farkar da inji, yana ƙara gudu, wasu har su ce yana rage shan mai. Akwai kuma tsohuwar dabarar masu wayarin, wato juya sensar totur ko saka wani ɗan abu a waya wai domin mota ta ƙara ja. 'Yan'uwanmu direbobi na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da masu aikin Uber da Bolt, da direbobin gida a Ikoyi da Lekki, suna yawan tambaya a kan wannan, kuma kuɗi ne mutum ke shirin fitarwa a lokacin da kowace litar fetur sai an yi mata lissafi. Amsata a dunƙule ita ce: abin yana canza yadda ƙafarka ke jin mota, amma ko doki ɗaya ba ya ƙara wa inji. Ga bayanin dalla-dalla.

Wai mece ce sensar totur, kuma mene ne aikinta?

Injin fetur da iska yake rayuwa. A hanyar da iska ke bi ta shiga inji akwai wani faifan ƙarfe mai juyawa, shi ke toshe hanyar yana kuma buɗe ta. Gidan da faifan yake ciki shi makanikai a nan ke kira bakin injekta. Idan ka taka totur, faifan ne kake buɗewa. Iska ta ƙaru, ƙwaƙwalwar mota, wato burenbos, ta auna iskar, ta saki fetur daidai da ita. A tafiya ta yau da kullum, awon shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi.

Sensar totur, wadda ake rubuta wa TPS, tana manne a gefen sandar da faifan ke juyawa a kai. Ƙwaƙwalwa tana aika mata wuta volt 5, ita kuma ta mayar da wani kaso gwargwadon buɗewar faifan: wajen volt 0.5 idan yana rufe, wajen volt 4.5 idan ya buɗe gaba ɗaya. Iyakar aikinta ke nan. Rahoto take kaiwa. Ba ta zuba mai, ba ta ƙara iska.

Na ji ana cewa wata mota totur ɗinta na kebul ne, wata na lantarki. Ta yaya zan gane tawa?

Buɗe bonet ka dubi bakin injekta. Idan ka ga kebul na ƙarfe, irin na birkin keke, ya zo ya naɗe a gefensa, kuma yana motsi idan wani ya taka totur, to taka mai kebul ce. Idan babu kebul, sai wani baƙin murfi da soket mai wayoyi da yawa, to mai lantarki ce.

A mai lantarki babu abin da ya haɗa ƙafarka da faifan sai waya. Akwai sensa a jikin abin takawa, ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda ka taka, ƙwaƙwalwa kuma ta umarci wani ƙaramin inji mai aiki da lantarki ya buɗe faifan. BMW ce ta fara fito da wannan tsari a babbar motarta 750i a ƙarshen shekarun 1980. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai kebul ce, amma daga ta 2002, wadda ake yi wa laƙabi da Big Daddy, totur ɗin ya koma na lantarki. Yawancin tokunbo, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga waje, da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can yanzu masu lantarki ne. Ɗan akwatin da ake talla a irin waɗannan kawai yake aiki.

To ɗan akwatin me yake yi takamaimai?

Ana zare soket ɗin da ke jikin abin takawa, a jona akwatin a tsakani, ta yadda saƙon ƙafarka sai ya bi ta cikinsa kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Shi kuma sai ya kumbura saƙon. A ce ka taka kashi 30 cikin ɗari. Akwatin ya gaya wa ƙwaƙwalwa kashi 50 ka taka. Ƙwaƙwalwa ta buɗe faifan daidai da 50, mota ta zabura, kai kuma ka ji kamar ɗan taɓawa kawai ka yi ta tashi. Sanannun irinsa su ne Pedal Commander da Sprint Booster da PedalBox, ban da tarin marasa suna da ake shigowa da su da araha.

Abin lura shi ne sama tana da iyaka. Babu abin da ya wuce kashi 100. Idan akwatin ya riga ya ce 100 alhali ƙafarka tana wajen kashi 70, to ragowar takun ya zama banza: kana dannawa, babu abin da ke ƙaruwa. Abin da aka ba ka a farkon taku, daga ƙarshensa aka ɗebo.

A taƙaice dai, yana ƙara ƙarfin inji ko ba ya ƙarawa?

Ba ya ƙarawa. Kuma su kansu manyan kamfanonin da ke ƙera shi, idan ka karanta bayanan da suka rubuta a natse, za ka ga sun faɗa cewa ba ya ƙara ƙarfin doki. Masu talla a tsakani ne ke ƙara gishiri.

Ƙarfin inji yana zuwa ne daga yawan iskar da zai iya shaƙa ya ƙona tare da fetur a kowane juyi. Girman silinda, da fasalin bawul, da hanyar shigar iska, da hanyar fitar hayaƙi, da lokacin da fulogi ke ba da wuta, su ne suka yanke wannan. Corolla mai inji 1.8 ta shekarun 2003 zuwa 2008 tana da ƙarfin doki wajen 130. Camry mai 2.4 ta 2007 tana da wajen 158. Idan faifan ya buɗe gaba ɗaya, abin da inji zai bayar ke nan, ko da ƙafarka ka buɗe shi ko da akwati. Kamar kan famfo ne: ko ka sa masa hannun da ɗan murɗawa kaɗan zai buɗe shi duka, ruwan da bututu ke kawowa ne dai zai fito.

Ga hujjar da direbobin dogon zango suka sani a jikinsu. Motar da ke ja sosai a Legas, idan ta hau Jos sai ka ji ta ɗan yi nauyi. Legas tana bakin teku, Jos kuwa tana sama da mita 1,200, iskar can ta fi sirantaka, kuma inji marar tobo (tobo na'ura ce mai tura ƙarin iska cikin inji) yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Babu wanda ya taɓa sensa a hanya, iska ce ta ragu. Abin da bai ƙara iskar da ke shiga silinda ba, ko bai gyara yadda ake ƙona ta ba, bai taɓa ƙarfin inji ba.

Amma Malam, na tuƙa motar abokina da aka saka wa, wallahi na ji bambanci. Jikina ne ya yi mini ƙarya?

A'a, ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne. Fassarar ce ta kauce. Ƙafarka ta saba da cewa taku kaza yana ba da gudu kaza. Da ka yi takun da ka saba sai mota ta ba ka fiye da haka, zuciya ta ce ai ƙarfi ya ƙaru. Alhali da ka ɗan ƙara danna ƙafa a motar da ba a saka wa komai ba, abin da za ka samu ke nan.

Akwai kuma wani dalili da ke ƙara ruɗin. Faifan nan ba ya sakin iska daidai-wa-daida da buɗewarsa. Lokacin da inji ke juyawa a hankali, kamar a tashi daga tsaye, ba ya buƙatar iska mai yawa, don haka buɗewar da ba ta kai rabi ba ma takan ba shi kusan duk abin da zai iya shaƙa. Shi ya sa ɗan ƙari a farkon taku yake zama babban abu a jiki. A daidai wannan wurin akwatin ke aiki, kuma a daidai nan mai sayarwa zai ce ka zagaya layi ka gwada. Ba zai ce ka je ka hau tudu da lodi ba.

Motata tana ɗan jinkiri kafin ta amsa idan na taka. Akwatin ba zai cire wannan ba?

Zai ɓoye wani ɓangare, ba zai cire ba. Ƙwaƙwalwa da gangan take tausasa buɗewar faifan, kuma wannan tsarin yana cikinta. Akwatin yana waje, a kan wayar abin takawa, bai isa can ba. Ba ya kuma ƙara wa ƙaramin injin da ke juya faifan sauri. Ribar da ake samu ita ce ƙafarka ba ta yin doguwar tafiya kafin saƙo babba ya isa, wato wani ɗan guntun daƙiƙa.

Sau da yawa ma jinkirin ba daga totur yake ba. A mota otomatik, giya ce ke ɗaukar lokaci kafin ta sauko. A mota mai tobo, jiran tobo ake yi ya ɗauki juyi. Idan kuwa jinkirin sabo ne, da ba ta yi sai yanzu, to alamar matsala ce, kuma rufe ta da akwati jinkirta gyara ne.

Idan kaifin totur abu ne mai kyau, me ya hana kamfanin mota yin hakan tun daga masana'anta?

Domin mota ba don zabura kawai aka yi ta ba. Ana so ta tashi a hankali a wurin fakin, ta yi baya ba tare da fizga ba, kada taya ta zame a jiƙaƙƙen titi, kada giya ta riƙa shan duka, hayaƙi kuma ya tsaya a iyakar doka. Duk waɗannan suna buƙatar farkon taku ya zama mai laushi.

Kuma da yawa cikin motoci sun zo da abin tun asali. Maɓallin Sport yana ƙara wa totur kaifi ya kuma sa giya ta daɗe kafin ta canza. Maɓallin Eco yana yin akasin haka. A wasu Toyota da Lexus akwai ECT PWR, mai canza lokacin shigar giya. Kafin ka sayi komai, duba ko kana da ɗaya daga cikinsu. Nasu ya fi aminci, domin ƙwaƙwalwa ta san da zamansa.

Tawa mai kebul ce. Mai wayarin ya ce zai ɗan juya sensar domin ta ƙara ja. In bar shi?

Kada ka bari. A mota mai kebul ƙafarka ce ke buɗe faifan kai tsaye, sensa kallo kawai take yi. Idan aka sassauta kusoshinta aka juya ta har ta riƙa nuna sama da gaskiya, iskar da ke shiga ba ta canza ba ko kaɗan. Abin da ya canza shi ne an rikita ƙwaƙwalwa.

Ga abin da ke biyo baya. Ƙwaƙwalwa za ta ɗauka ƙafarka tana kan totur ko da ka ɗaga, saboda haka sulo, wato juyin inji lokacin da ba a taka totur ba, ya lalace, ko ya hau ko ya riƙa hawa da sauka. Sannan akwai wata hikima da mutane da yawa ba su sani ba: idan kana cikin gudu ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa tana yanke fetur har sai juyin inji ya sauko. Wannan tanadin yana aiki ne idan sensa ta nuna faifai a rufe. Da an juya ta, ka rasa shi. Giya otomatik kuma za ta fara canzawa a makare ko da bugu. Ɗan ƙarin man da ake zaton an samu, sensar iskar oksijin da ke jikin salansa za ta gani, ƙwaƙwalwa ta rage shi.

Gyaran da ke da amfani a mota mai kebul daban ne, kuma kusan kyauta ne. Kebul yakan saki da tsufa, har ka taka zuwa ƙasa amma faifan bai buɗe duka ba. A kashe mota, wani ya taka, kai ka duba ko faifan ya kai ƙarshe. Idan bai kai ba, a ɗaure kebul ɗin, a bar masa ɗan sararin da ya dace. Ka duba kuma ko kafet ya tattaru a ƙarƙashin abin takawa. Wannan ƙarfin motarka ne da ya ɓata aka dawo maka da shi.

Akwai wani da ake kira "cip", ana jona shi a wayar sensar iska. Shi fa?

Yawancinsu idan aka fasa, ɗan resisto ne kawai a ciki. Ana saka shi a wayar sensar da ke auna zafin iska, domin ƙwaƙwalwa ta zaci iskar ta fi sanyi. A zafin Legas, cikin gosulo, gaya wa inji cewa iska mai sanyi yake shaƙa ba alheri ba ne, domin da wannan awon yake kare kansa daga ƙwanƙwasa, wato fashewar mai a cikin silinda ba a kan ka'ida ba. Bar shi inda ka gan shi.

Mai sayarwa ya ce yana rage shan mai. Akwai gaskiya a ciki?

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ce maganar da ta fi saurin kama zuciyar direba, kuma masu talla sun san haka. A yanayin kaifi, abin da ya fi faruwa shi ne shan mai ya ƙaru. Kowane tashi sai ya zama zabura, kowace zabura kuma birki ne ke biye da ita. Ka tuna hanyar Ikorodu da safe, ko Oshodi zuwa Apapa lokacin da tireloli suka cika hanya: ka matsa tsawon mota biyu, ka tsaya. Duk man da ka ƙona wajen fizgar nan, birki ne ya cinye shi.

Yawancin akwatunan suna da yanayin tsimi, wanda ke rage saƙon maimakon kumbura shi. Wannan yana iya taimaka wa mai nauyin ƙafa, amma bai sa inji ya ƙware wajen ƙona mai ba. Taku ne kawai ya rage maka, abin da ƙafarka za ta iya yi ba da ko kwabo ba. Mai aikin Uber ko Bolt da ke son ya ga canji a aljihu, ya fara da iskar taya, da filtar iska, da rage zaman banza da inji a kunne.

Akwai hatsari a ciki?

Akwai, kuma a nan nake so a tsaya a saurara.

Sensar da ke jikin abin takawa ba ɗaya ba ce, biyu ne a gida ɗaya, haka ma ta bakin injekta. Kowace tana ba da nata awon, ƙwaƙwalwa kuma tana gwama su a kowane lokaci. A wasu motoci ta biyu tana ba da rabin abin da ta farko ke bayarwa, a wasu kuma akwai tazarar da aka ƙayyade tsakaninsu. An yi haka ne domin kada waya ɗaya ta lalace mota ta ɗauki gudu da kanta. Da zarar awon biyu ya saɓa, ƙwaƙwalwa za ta kunna wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba, ta rubuta lamba irin P2138 ko P2135, ta kuma janye ƙarfin inji har mota ta koma rarrafe. Wannan kariya ce, kuma tana da kyau. Amma ka ƙaddara ta same ka a tsakiyar gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, danfo na bin ka a baya, babu wurin raɓewa mai kyau.

Akwati mai inganci yana canza awon biyu tare yadda ba za su saɓa ba. Na araha, mai sakakken soket, shi ne abin tsoro, musamman a garin da ramuka ke girgiza mota kullum, damina kuma ruwa ke shiga har ƙarƙashin ƙafar direba a Lekki da sauran unguwannin da ke cika. Mafi muni shi ne a yanke waya a murɗa a naɗe da salatif. Wayar totur ba wurin wannan aikin ba ne.

Masu ƙera mota ba sa wasa da wayar nan. Lokacin da aka yi ta ƙorafi a Amurka cewa wasu motocin Toyota suna ɗaukar gudu da kansu, an janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010, har gwamnati ta sa injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniya ta ƙasar, suka binciki tsarin lantarkin. A Fabrairun 2011 aka bayyana cewa ba su sami aibu a lantarkin ba. Kafet mai danne totur da abin takawa mai maƙalewa aka ɗora wa laifi. Tsarin da aka yi wa irin wannan bin diddigi, ban ga hikimar tsoma masa akwatin da ba a san wanda ya ƙera shi ba.

Sai hatsari na biyu, wanda ba na waya ba. Totur mai kaifi yana rage maka iko a inda ka fi buƙatarsa: shiga layi a Mile 12 tsakanin masu dako da masu baro, yin baya a cikin gida inda yara ke wasa, tashi a titi mai santsi. Idan kuma Hajiya ko wani ƙane ya karɓi motar bai san an saka ba, takun da ya saba zai ba shi abin da bai zata ba.

Yana lalata giya?

Kai tsaye, a'a. Amma giya otomatik tana duba yadda aka taka totur kafin ta yanke lokacin canzawa. Idan kullum ana gaya mata an taka da ƙarfi, za ta riƙa daɗewa a ƙaramar giya, tana yawan saukowa, man giya yana ƙara zafi. A tsohuwar tokunbo da ba a san yaushe aka canza mata man giya ba, wannan ƙarin wahala ne.

To motata ta yi nauyi, ba ta ja kamar da. Me zan duba?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita. Yawancin masu neman akwatin, abin da suke nema shi ne ƙarfin da motarsu ta rasa, kuma wannan ana samunsa.

Fara da sikana, wato na'urar da ke karanta lambobin matsala da ƙwaƙwalwa ta rubuta. Duk motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. A karanta lambobin kafin a taɓa komai, kuma kada ka yarda a goge su ba a rubuta maka ba. Daga nan sai filtar iska, wadda ƙurar hunturu da hayaƙin gari ke toshewa da wuri. Sai sensar da ke auna yawan iska, wato MAF: idan ta yi datti takan nuna ƙasa da gaskiya, mai ya yi kaɗan, mota ta yi sanyi, wani lokaci lambar P0171 ta fito. Tana da nata maganin fesawa. Kada a wanke ta da fetur, kada a taɓa siririyar wayar da ke ciki. Sai fulogi da koyil, sai famfon mai da ya fara rauni, wanda ka fi jin sa a hawan gada ko lokacin wuce wata mota, sai nozul da suka toshe.

Kada a manta da abin da ake kira indomi a cikin salansa, wato matatar da ke rage gubar hayaƙi. Idan ya narke ko ya toshe, hayaƙi ba ya fita, inji ya shaƙe: a sulo lafiya lau, amma da ka taka sai ta ƙi gaba. Maganinsa a gano abin da ya kashe shi, galibi fulogi ko koyil da ke barin ɗanyen mai ya wuce, sannan a sauya shi. Fasa shi a zubar yana barin ka da wutar cek, da warin hayaƙi, da gubar da kai da na bayanka za ku shaƙa a gosulo.

Akwai kuma abubuwan da ba inji ba: birki mai kamawa, taya marar iska, kuloci mai zamewa, kayan da suka shekara a but. Na'urar sanyaya mota ma tana cin nata kaso, kuma a ƙaramin inji ana jin sa sosai.

Yaushe ne sauya sensar totur ke gyara mota?

Lokacin da ta lalace. Tsohuwar sensa tana da wani ɗan harshe da ke goga a kan hanya a cikinta, kuma wurin da aka fi takawa yakan cinye. Alamunta su ne mota ta riƙa fizga a gudu ɗaya, ko ta yi shiru na ɗan lokaci idan ka taka, sulo marar tsayawa, da lambobi daga P0120 zuwa P0124. Mai wayarin na ƙwarai zai sa mita ko sikana ya taka a hankali yana kallon awon: ya kamata ya hau sumul, ba tsalle, ba faɗuwa. Ya duba soket da wayar ƙasa tukuna, domin sau da yawa a nan matsalar take.

Idan za ka kasuwar kayan mota ta Ladipo, je da tsohuwar a hannu, ka gwama lambar da ke jikinta. Babu wata sensa "mai ƙarfi". Akwai mai faɗin gaskiya da marar faɗi. A yawancin motoci masu totur na lantarki sensar a haɗe take da bakin injekta, sai dai a sauya duka. Bayan an sauya ko an wanke, wasu motoci, musamman Nissan, sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa sulo, in ba haka ba ya zauna a sama. Wajen wanki kuma kada yaron gareji ya riƙa banƙare faifan da ƙarfi.

Mai sikana ya nuna mini totur ɗina ba ya wuce kashi 80 da wani abu ko na taka duka. Ba ƙarfi ne aka ɓoye ba?

Ba shi ba ne. A motoci da yawa sikana tana lissafa awon ne a kan volt 5. Sensar kuwa da gangan ba ta kaiwa 0 ko 5, domin ƙwaƙwalwa ta iya gane waya ta tsinke ko ta haɗu. Volt 4.2 a cikin 5 shi ne kashi 84, alhali faifan a buɗe yake gaba ɗaya. Haka idan ka ɗaga ƙafa za ka ga goma sha wani abu maimakon sifili. Duk wanda ya nuna maka wannan lambar ya ce zai buɗe maka ragowar, ko dai bai sani ba ko yana son kuɗinka.

Motar dizal da wadda aka mayar CNG fa?

Amsar ɗaya ce. A dizal na zamani abin takawa roƙon mai yake aikawa, ƙwaƙwalwa kuma tana da iyakar da ba za ta wuce ba. Motar da aka mayar gas takan ɗan rage ja, domin gas ɗin yana cin wurin iska a cikin silinda. Gyaranta yana wajen wanda ya haɗa ta, ya daidaita awon gas yadda ya kamata.

Idan ƙarfi na gaske nake so, ina mafita?

A mota mai tobo, sake rubuta tsarin ƙwaƙwalwa yana ƙara ƙarfi sosai, domin yana ƙara iskar da tobo ke turawa. Farashinsa ƙarin zafi ne da ƙarin nauyi a kan giya, kuma yana son fetur mai kyau, abin da ba kowane gidan mai za ka rantse a kansa ba. A inji marar tobo, irin na Corolla da Camry da Accord da suka cika titunanmu, ribar kaɗan ce, ba ta kai kuɗin ba. Wanda lodinsa ya fi ƙarfin motarsa, kamar mai ɗauko kaya daga Alaba Rago kullum, mota mai babban inji yake buƙata. Ka tuna kuma iyakar gudun ƙaramar mota a dokar hukumar kiyaye haɗurra kilomita 100 a awa ne a titin ekspres, 50 a cikin gari, kuma kowace lafiyayyar mota tana kai wannan ba da taimakon komai ba.

Na riga na saya an saka mini. In cire?

Idan an yanke waya wajen sakawa, ko wutar cek ta taɓa kamawa tun da aka saka, ko mota ta taɓa janye ƙarfi, cire shi yau, a gyara wayar da dalma a rufe ta da kyau. Haka idan mutum fiye da ɗaya ke tuƙa motar.

Idan kuwa mai inganci ne, soket ɗinsa ya dace da motarka, kuma kana jin daɗin kaifin kana sane da cewa daɗin ƙafa ne kawai ka saya, to ka riƙe shi da sharuɗɗa. A ɗaure shi sama, nesa da birki da inda ruwa ke kaiwa. Ka bar shi a mataki na ƙasa a cikin gari, ka kashe shi idan ana ruwa ko za ka ba wani mota. Kada ka canza mataki ƙafarka tana kan totur. Ka gaya wa duk makanikin da zai duba motar cewa yana nan, domin kada ya yi ta neman matsala a inda ba ta. Ranar da za ka cire, kashe mota, zare makulli, ka jira 'yan mintuna ƙwaƙwalwa ta kwanta, sannan ka mayar da soket na asali har sai ka ji ya kama.